Laimar Araha a Garin DeLand

A hutun da ya wuce muka kai ziyara jihar Filorida ta Amurka, wurin wani tsohon ɗalibinmu da ya zauna can. Ran Asabar ya ce, "Malam, ku zo ku ga wasan da nake yi." Sai ya kai mu DeLand, wani ƙaramin gari tsakanin Orlando da Daytona.

Garin ya shahara wajen ɗinka laimar da ake dirowa da ita daga jirgin sama. Kamfanonin Performance Designs da United Parachute Technologies duk a nan suke. Muka tsaya bakin fili, muka ga mutane suna saukowa kamar shirwa. Kowannensu laima biyu yake goye da su, babba da ta ko-ta-kwana.

Ɗalibin namu ya fito da jakar laima da ya sayo da araha a wata ƙasa, yana murna. Mai duba kaya ya juya ta, ya ce ba za a hau jirgi da ita ba. Me ya sa? Dokar Amurka ta ce tilas laimar ko-ta-kwana da ɗamarar da ke riƙe mutum su kasance irin waɗanda hukumar jiragen sama, wato FAA, ta amince da su. Shaidar wannan ita ce alamar TSO da ake ɗinkawa a jikinsu. Tasa ba ta da ita.

Ya ce, "Ai na ga baƙi suna dirowa da kayan ƙasarsu." Aka ce masa gaskiya ne, amma wannan sassauci na matafiya ne, ban da mazaunin ƙasa. Har wa yau, dole gwani mai takardar shaida ya buɗe laimar ko-ta-kwana, ya duba, ya sāke naɗe ta kowane kwana 180. Kafin 2008 kwana 120 ne.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, gama kuɗin ajiyarsa ne ya tafi. Muka ce masa, "Ɗana, gara asarar kuɗi da asarar rai." Ya yi hayar wata, ya hau, ya sauko lafiya, mu kuwa zuciyarmu tana dukan uku-uku.

Ya mai karatu, in za ka sayo kaya a waje, fara tambayar dokar inda za ka yi aiki da su. Araha ba ta ado.