Fim a Tsaye, Fim a Kwance: Inda Editocin Sin Suka Sha Bamban da Namu

A Hengdian da ke lardin Zhejiang, cibiyar shirya finafinai mafi girma a nan ƙasar Sin, kyamarori da yawa yanzu a tsaye ake kafa su. Gajerun wasannin kwaikwayo ake ɗauka don masu kallo a waya, kowane kashi minti ɗaya ko biyu, labari guda kuma ya kai kashi sittin ko tamanin. A 2024 kuɗin da wannan harka ta samu ya haura na gidajen silima na ƙasar baki ɗaya. Zaman da na yi a nan ya sa na fahimci cewa Basine yana yanke shawarar girman hotonsa tun kafin ya kunna kyamara, mu kuwa sai an gama ɗauka mu ɗora wa edita nauyin.

Hoton talabijin da na YouTube a kwance yake, ma'aunin 16:9, wato ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsayi. Na TikTok da Douyin a tsaye yake, 9:16. Duk wanda ya buɗe CapCut ko Premiere Pro ko DaVinci Resolve zai mayar da na kwance ya koma a tsaye, hanya uku ce gabansa: ya ja hoton ya cika allo, ko ya yanke gefuna, ko ya bar baƙi sama da ƙasa. Kowace da asararta. Idan ya yanke, cikin ɗigo 1920 ɗin nan kimanin 608 ne za su tsira, ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba. Da an buɗa wannan ɗan ragowar ya cika waya, sai hoto ya yi dishi-dishi.

Shi ya sa a nan darakta ke matso da 'yan wasa kusa da juna, ko ya tsayar da ɗaya a bayan ɗaya, a kuma ɗaga rubutun magana sama da wurin da maɓallan manhaja ke rufewa. In ana son fim ya fita a kwance da kuma a tsaye, sai a ɗauka da 4K, ɗigo 3840 da 2160, a ajiye muhimmin abu a tsakiya. Ko an yanke, faɗin da ya rage ya haura 1200, ya wadatar. Tela ne da ya auna jiki kafin ya sa almakashi.

A Kano da Kaduna da Jos, shirye-shiryenmu masu dogon zango a kwance ake ɗaukarsu, kuma hakan daidai ne, tunda YouTube da talabijin aka nufa. Matsalar tana tasowa ne lokacin talla, sa'ad da za a gutsuro minti ɗaya a watsa a TikTok da WhatsApp. Yankan yana yi mana illa fiye da kowa, domin a fim ɗin Hausa saurayi da budurwa ba sa zama manne da juna, ɗa kuma yana durƙusawa nesa da mahaifinsa. Wannan tazarar ita ce ladabin, ita ce ma'anar fitowar. Da an yanke tsakiya, sai ka ji murya biyu kana kallon bango da rabin kafaɗa.

Tsofaffin finafinanmu ma suna shan wahala. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya, a ma'aunin 4:3 aka yi su, don kaset da faifan bidiyo. Masu ɗora irinsu a intanet sukan ja hoton ya cika 16:9, faɗi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, fuskokin jarumai su baje, faranti ya koma siffar ƙwai. Yaron da bai ga na asali ba zai ɗauka haka iyayensa suka yi aiki.

Editanmu yana da uzuri. Wuta ba ta tsayawa, data na da tsada, kwamfutarsa tana nishi in an ɗora mata 4K, kuma sau da yawa shi kaɗai ne mai haɗa hoto, mai gyara sauti, mai yin talla. Sai dai akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. A kulle faɗi da tsayi su riƙa tafiya tare yayin ƙara girma. A matsar da hoton da hannu ya bi mai magana, kada a dogara da tsakiya. Inda tazarar mutum biyu ke da ma'ana, a bar baƙin, ba abin kunya ba ne. A kuma yanko talla daga asalin fim, ba daga wanda WhatsApp ya riga ya matse ba.

Sauran aikin na darakta ne. Tunda ya san za a yi talla a waya, ya ware 'yan mintuna a wurin ɗauka, ya juya kyamara a tsaye ya sake fitowa biyu ko uku. Wanda kuma ke riƙe da tsohon kaset, ya kwafe shi a ma'auninsa na 4:3 ya adana, domin kaset yana lalacewa, kuma in asalin ya tafi, jayayyen ne kaɗai zai rage wa na baya.