Ranar da muka hau dutse a Galmi

Bari in ba ku labarin wata tafiya da ta canza mana shawara.

Bayan rabon asusu, mu bakwai muka shiga mota daga Ƙonni da sassafe. Muka wuce masana'antar siminti ta Malbaza, muka sauka Galmi, garin albasa. Niyyarmu mu duba wata garka da muke so mu kama haya da kuɗin ƙungiya. Ƙasar ta yi mana kyau, har ma'ajiyarmu ta fara lissafin buhuna.

Sai dattijuwar da ta sauke mu ta ce: "'Ya'yana, kada ku biya ko dala sai kun hau dutsen can."

Muka ɗaure zanna a gindi, muka kama hawa. Dutsen Adar ba tsawo gare shi ba, amma tsakuwa gare shi mai zamewa. Wajen ƙarshe sai da hannu da ƙafa, kowa na jan 'yar uwarta. Shugabarmu ta zauna tana haki, ta ce: "Inna, wannan ai horo ne!" Tsohuwa dariya kawai ta yi, ta riga mu kaiwa.

Can sama iska ta buge mu. Ga fadama kore shar, ga kwalta da manyan motocin albasa, ga garin kamar a tafin hannu. Amma ba wannan Inna take so mu gani ba. Ta nuna mana bisa dutsen: faƙo ne, ba itace, ba ciyawa. Ruwan sama ba ya samun wurin tsayawa, sai ya gangara da ƙarfi. Muka bi sawunsa da ido, sai ga kwazazzabo ya nufi garkar nan tamu kai tsaye. Daga ƙasa ba mu lura da shi ba ko kaɗan.

Ta ce maganinsa a sama yake: a jera duwatsu, a gina rabin wata da tassa, yadda mutanen Illela da Badagishiri suka farfaɗo da gonakinsu. Wannan kuwa aikin gari ne, ya fi ƙarfin mata bakwai.

Mun fasa hayar. Kuɗin mun sa su a rudu, mu sayi albasa lokacin da take araha, mu ajiye sai ta yi daraja.

'Yan uwa, kafin ku zuba kuɗin asusu a ƙasa, ku hau sama ku ga inda ruwa yake bi. Allah ya sa albarka a asusunmu, amin.