Wata Guda a Dajin Kibale

Ƙungiyar Tropical Biology Association takan tara ɗaliban kimiyyar halittu, kusan rabinsu 'yan Afirka, ta kai su daji su yi wata guda. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne Kibale a yammacin Yuganda, inda Jami'ar Makerere take da tashar bincike a Kanyawara. Birai iri 13 ke zaune a dajin.

In na tuna waɗannan ɗalibai, a gindin ɓaure nake hango su. Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa ɓare ɗan ɓaure ya tarar da ƙananan ƙwari a ciki, wataƙila ya yar. A Kibale kuwa sai ɗalibi ya tsuguna da madubin ƙara girma, ya ga furannin ɓaure a cikin ɗan suke ɓoye. Macen ƙwaron takan kutsa ta wata 'yar ƙofa, sau da yawa fukafukanta su karye, ta yi ƙwai, ta bar garin furen da ta ɗauko daga wata bishiya, ta mutu a ciki. Ba don ita ba, iri ba zai ƙullu ba, birai da tsuntsaye kuma su rasa abincin da suke dogaro da shi.

Wannan yana cikin littafi, amma wanda ya gani da idonsa da wuya ya manta. Abin da ke damuna shi ne guraben zuwa wannan karatu na daji kaɗan ne, ga ɗalibai da yawa a jami'o'inmu da sukan gama digiri ba su taɓa kwana ko a dajin Yankari ba.