Tsaurin Nau'i a Harsunan Kwamfuta: Wa Ke Biyan Kuɗin Sakaci?

A harshen JavaScript, idan ka tara rubutun "5" da lambar 1, amsar da za ka samu ita ce "51". Idan kuwa ka ɗebe 1 daga wannan "5" ɗin, sai ka samu 4. Harshen ba ya tambayarka ko lamba kake nufi ko rubutu, hasashe yake yi ya wuce. Python kuwa ƙin aikin zai yi, ya nuna maka kuskure. Irin su Java da Rust sun fi haka tsanani, domin tun kafin manhaja ta fara aiki suke tantance nau'in kowane bayani. Wannan shi ake kira tsaurin nau'i, kuma masu rubuta manhaja sun daɗe suna jayayya a kan ko ribarsa ta kai wahalarsa.

Wahalar dai ba ƙarya ba ce. Na zauna da ɗalibai masu koyon Java, na ga yadda suke ɓata yini guda suna lallashin na'ura ta karɓi layi goma, alhali abokinsu mai Python ya gama ya tafi. Wanda ke son lissafin da zai yi sau ɗaya ya watsar, ba shi da bukatar wannan takura.

Sai dai yawancin manhajojin da rayuwarmu ta rataya a kansu ba na yini ɗaya ba ne. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, wasu kuma da sifili suke farawa. Idan manhaja ta ɗauke ta a matsayin adadi, sifilin zai ɓace, a bar mutum da alƙaluma 9 da ba na kowa ba. Lambar asusu suna ce, ba a tara ta, ba a raba ta. Harshe mai tsauri yana ba ka damar rubuta wannan doka a jikin manhajar, yadda wanda zai gaje ka bayan shekara biyar ba zai karya ta cikin rashin sani ba.

Duk da haka, tsauri ba laya ba ne. A ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an tura adadi mai girma cikin mazubin da bai iya ɗaukarsa. Da harshen Ada aka rubuta manhajar, wanda ya yi suna wajen tsauri. Haka a 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, domin wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin fam, wani kuma da ma'aunin Newton. A idon na'ura duka biyun adadi ne kawai. Tsauri yana kare ka ne gwargwadon abin da ka bayyana masa, shi ya sa harshen F# ya tanadi hanyar liƙa wa kowane adadi ma'auninsa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne inda masu sassaucin da kansu suka dosa. A 2012 kamfanin Microsoft ya fitar da TypeScript domin ɗora nau'i a kan JavaScript. A 2015 Python ma ya buɗe ƙofar bayyana nau'i ga mai so. Girman aiki da yawan hannuwa ne suka kai su can.

A ganina, kuɗin nan ba ya faɗuwa ƙasa, dole wani ya biya. Ko dai mai rubutu ya biya da awa biyu a kan teburinsa, ko kuma ɗan fansho ya biya da mako biyu yana sintiri a banki. Saboda haka ɗalibinmu ya fara da harshe mai sauƙi, babu laifi. Amma ranar da aka damƙa masa albashin mutane ko bayanan marasa lafiya, ya zaɓi harshen da zai yi masa gardama tun yana kan kujera.