Kafin ka taɓa kontrola, ka tabbata buƙatar ta iso gare shi

Aikin gina manhajojin adana bayanai da ASP.NET na kamfanin Microsoft ya koya mini cewa galibin lokacin da API ya ƙi amsawa, aikin da ke cikin kontrola lafiyarsa ƙalau. Buƙatar ce ba ta iso gare shi ba. Mai shirya manhaja zai wuni yana sauya lissafi, alhali ƙofar da ake ƙwanƙwasawa daban ce. Ga darussan da nake so matasanmu masu wannan sana'a su riƙe.

Na farko, lambar da sabar ta mayar ita ce shaidarka, don haka ka karanta ta da kyau. Idan 404 ce, adireshin bai dace da wata hanya da aka tsara ba. Idan 405 ce, an gane adireshin, amma nau'in buƙatar ne bai samu karɓuwa ba, misali an aika GET inda ake jiran POST. Ita kuwa 415 tana nufin ba a yarda da tsarin bayanan da aka aiko ba, sau da yawa saboda ba a bayyana cewa JSON ne ba. Kowace da maganinta.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu masu son sa wa ayyuka sunayen Hausa. Tsohon Web API, wanda ya fito a 2012, yana duba farkon sunan aiki ne. Idan ya fara da Get, Post, Put ko Delete, shi ke nan. Idan kuwa ka sa masa suna NemoDalibi ba tare da alamar HttpGet ba, zai ɗauke shi a matsayin POST, mai neman bayanin ɗalibi kuma ya ci karo da 405. Tun 2013 da Web API 2 ya ba da damar rubuta hanya a saman kowane aiki, ba na barin tsarin ya yi mini hasashe.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Idan gurbin da ke cikin hanya sunansa id, amma aikinka yana jiran mai suna lamba, sunayen ba su haɗu ba. Na ga manhajar wata makaranta da ake neman api/dalibai/15, sai ta dawo da jerin ɗalibai gaba ɗaya, da lambar 200 mai nuna komai daidai. Tsarin ya tsallake aikin da sunansa bai dace ba, ya zaɓi wanda ba ya buƙatar komai. Kuskuren da ba ya ƙara ya fi haɗari, domin bayanan mutane ne ke fita.

Na huɗu, a ASP.NET Core, idan ayyuka biyu suka yi tarayya a hanya ɗaya, ɗaya na neman ɗalibi da lamba, ɗaya da suna, sabar za ta mayar da 500 tare da AmbiguousMatchException. Rubuta id:int a gurbin lambar ya isa ya raba gardamar.

Wani lokacin kuma matsalar tana wajen manhajar. A kan IIS, WebDAV yakan tare PUT da DELETE, komai ya yi aiki a kwamfutarka, a sabar kuma ya tsaya.

Saboda haka ina bin mataki-mataki. Nakan ajiye burauza, in aika buƙata ɗaya da curl ko Postman, in sa wurin tsayawa a layin farko na aikin. Idan bai tsaya ba, na san inda zan duba: adireshi, nau'in buƙata, sannan sunaye. Nakan sauya abu ɗaya kawai kafin in sake gwadawa.

Ɗan'uwa, ka rubuta hanyar kowane aiki ƙarara, ka kuma gwada ta kafin ka miƙa manhaja ga masu ita.