Daktan Da Ba Ya Riƙe Allura

Mu malaman sakandare muna da wata tambaya da mukan yi wa ɗaliban da ke gab da fita: me kake so ka zama? Amsoshin kuwa mun riga mun haddace su. Likita, lauya, injiniya, ma'aikacin banki, wani lokaci matuƙin jirgin sama. Da wuya ka ji yaro ya ɗaga hannu ya ce yana so ya zama masanin abinci. In ma wata ta faɗa, sai aji ya ɓarke da dariya, a ce mata ai girki ba sai an je jami'a ba, ta je wurin kakarta. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi amfani da filin da aka ba mu a littafin nan na shekara, mu yi magana a kan wani irin dakta da ba ya riƙe allura, wato wanda ya yi digirin digirgir a kan kimiyyar abinci da gina jiki.

Bari mu fara da abin da ya sa zancen ya dame mu. Yawancinmu a wannan ƙetaren kogi muka tashi, Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, a lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin iyayenmu da asuba. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun nan suka rufe, dubban magidanta suka zauna gida, tukunya kuma ta sake kama. Nama da kifi da ƙwai suka ja da baya, aka bar tuwon masara da miyar da ta samu. A aji muke ganin sakamakon: yaron da ke gyangyaɗi tun kafin ƙarfe goma, da yarinyar da ta kai shekara goma sha biyar amma in ka gan ta sai ka ce goma sha ɗaya take. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma, inda jiharmu take, adadin ya kai 57. Masana sun ce yawancin ɓarnar tana aukuwa ne a kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Ke nan kafin yaro ya iso gabanmu an riga an rage masa wani abu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani zai ce ai talauci ne, maganinsa kuɗi. Gaskiya ne, amma akwai abin da kuɗi kaɗai ba ya warwarewa sai da sani. Ga masara misali. Tana cika ciki, amma furotin ɗinta ya gaza a wasu sinadarai biyu da jikin yaro ke bukata don ya girma. Wata masaniyar sinadaran hatsi 'yar ƙasar Meziko, Dakta Evangelina Villegas, tare da wani masanin iri ɗan Indiya, Dakta Surinder Vasal, sun shafe shekaru suna auna ƙwayoyin masara, suna zaɓe suna zubarwa, har suka fitar da irin da ke ɗauke da kusan ninki biyu na waɗannan sinadarai. A 2000 aka ba su babbar lambar yabo ta duniya a kan abinci, ita ce kuma mace ta farko da ta karɓe ta. Irin wannan masara ya shigo Gana da sunan Obatanpa a 1992, daga baya ya iso gonakinmu.

Ga kuma maƙoƙo. Iyayenmu sun san yadda yake a ƙauyukan kan duwatsu, har wasu na ɗaukarsa gado ne ko sammu. Masu bincike ne suka tabbatar rashin sinadarin aidin ne ke kawo shi, kuma rashin yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Yau ɗalibanmu da yawa ba su taɓa ganin mai maƙoƙo ba.

Na uku shi ne dafin fumfuna da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙulin gyaɗa mai fumfuna. Yana kama masara da gyaɗa in ba su bushe sosai ba, dahuwa ba ta kashe shi, yana kuma jawo ciwon dajin hanta. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya. Masu bincike na cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da abokan aikinsu, suka nemo dangin wannan fumfuna marasa dafi daga cikin ƙasar Nijeriya, suka shafa su a jikin ƙwayar dawa, suka kira abin Aflasafe. Manomi yakan watsa shi a gona kafin masara ta yi fure, marasa dafin su mamaye wurin su hana masu dafin sakat.

Duk waɗannan ayyuka, mutanen da aka horar su yi bincike ne suka yi su. To, yaya horon yake? Mu da muka tsaya a takardar kwalejin horar da malamai mun tambayi waɗanda suka wuce mu, mun kuma ga yadda wasu abokan karatunmu suka bi hanyar. Ɗalibi zai fara da digirin farko, shekara huɗu ko biyar, a fannin gina jiki ko kimiyyar abinci ko kemistirin jikin halitta ko aikin gona. Sai bautar ƙasa shekara ɗaya. Sai digiri na biyu, kimanin shekara biyu. Sa'an nan digirin digirgir, wanda ba ya kasa shekara uku. In ka haɗa, daga barin ajin ƙarshe na makarantar nan zuwa ranar da za a kira ka dakta, shekara goma ce ko fiye.

Abin da ya bambanta wannan mataki da na baya shi ne, ba a ba ka littafi a ce ka haddace. Tambaya za ka kawo wadda ba wanda ya riga ya amsa ta. Amma kafin a sake ka, sai an zaunar da kai darussa na musamman. Za a koya maka dabarun bincike, wato yadda ake tsara gwaji don kada son zuciyarka ya shiga cikin sakamako. Za a koya maka ƙididdiga, don ka san buhu nawa za ka ɗiba daga kasuwa kafin ka ce wani abu a kan masarar gari duka. Za a koya maka aiki da na'urorin ɗakin gwaji, da yadda ake auna tsayin yaro da nauyinsa da kaurin damtsensa, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna yunwa ta kai matsayin haɗari. Za a koya maka yadda ake tambayar uwa abin da ɗanta ya ci tun daga jiya war haka ba tare da ka kunyata ta ba. Ba kuma za ka taɓa jikin ɗan kowa ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, iyaye kuma sun yarda. A ƙarshe za ka tsaya gaban malaman da suka fi ka, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a, su yi ta zazzage aikinka kamar yadda mata ke sheƙar hatsi.

Ba sai an haye teku ake samun wannan ba. Kilomita kamar 80 daga nan akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922. Duk irin shukar da sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake, daga can ya fito. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka sun daɗe suna koyar da ilmin gina jiki. Wanda ya fara daga sashen fasahar abinci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna shi ma ƙofa a buɗe take gare shi, sai dai ya ƙara difloma ta gaba da digiri kafin ya ci gaba. Wasu kuma sukan sami tallafi su tafi waje, kamar Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, wadda ta yi suna a wannan fanni.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Sinadaran gwaji suna da tsada, wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Tallafin asusun TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka da yawa sukan fara kama aikin koyarwa kafin su samu. Tsaranka za su yi aure su gina gida kana nan kana wanke kwalaben gwaji. Wanda ke neman arzikin gaggawa ya nemi wata hanya.

Duk da haka kuna da wani jari da baƙo ba shi da shi, wato harshe da sanin gida. Dakta Cicely Williams, 'yar Jamaika da ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana wata cutar yara a 1933, sa'an nan a 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Sunan da kansa ya nuna inda matsalar take, wajen yaye. Ta gane haka ne domin ta saurari mutanen wurin. A ajinmu ɗaya akwai mai jin Gbagyi, da Jju, da Tyap, da Adara, da Hyam, ban da Hausar da ta haɗa mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayoyin kuwa suna nan jibge a madafanmu. Wane irin haɗin gero da waken soya da gyaɗa ne ya fi gina yaron da ake yayewa, a kuɗin da matar leburan Kakuri za ta iya biya? Me ke saura na amfani a kuɓewa da zogale da rama bayan an shanya su a rana? Yaya za a sauƙaƙa surfen acca da tamba, don su dawo tukunyar mutanen birni? Masarar da ake shanyawa a bakin kwalta, me take kwasowa? Bayan annobar da ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, yaya manomi zai adana iri mai lafiya? Kowace ɗaya a cikin waɗannan ta isa ta ci shekarun mutum, ta kuma amfani dubbai.

Saboda haka, ya ku 'ya'yanmu masu fita da masu tasowa, kada ku raina darasin abinci da gina jiki, ko na aikin gona, ko ku ce na ragwaye ne. Ku riƙe kemistiri da bayoloji da lissafi da hannu biyu, domin su ne tsanin. Maza kada ku ce fannin mata ne. Mata kada ku yarda a ce muku iyakarsa murhu. Ku kuma iyaye, in yaro ya zo da wannan buri, a yi masa addu'a a ƙarfafa shi, kada a tambaye shi ko likitanci ne ya gagare shi. Sannu ba ta hana zuwa. Mu dai fatanmu shi ne, nan da shekara goma sha biyu ko sha biyar, a buɗe littafin shekara na makarantar nan a ga sunan ɗayanku a jerin tsofaffin ɗalibai, da bayanin abin da ya gano a kan kunun yaye ko buhun masara. Allah ya ba ku ƙwazo da jimiri, ya kuma sa albarka a karatunku.