Farautar tarihi a kan sawun jirgin kuza

'Yar uwa, idan hutun makaranta ya zo, me yaranki ke yi daga safe zuwa la'asar? Na san amsar, domin nawa ma haka suke: a karɓe wayarki, a zauna a lungu, ido a kan gilashi. Bari in ba ki labarin wani wasa da ya raba nawa da waya yini guda, bai kuma ci mini komai ba sai kuɗin mota da ruwan sha.

A nan Jos muke zaune, garin da kuza ta gina. Kafin zuwan jirgi, a ka 'yan dako suke ɗaukar kuza, su yi tafiyar kwanaki zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Daga baya Turawa suka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya isa Bukuru a 1914. Sunansa Bauchi Light Railway, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin ƙasar Jos tana cikin lardin Bauchi ne. Da babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927, sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957.

Wannan tarihin na yanyanka ya zama kacici-kacici biyar, kowanne a cikin ambulan. Sai an warware ɗaya ake samun na gaba. Na haɗa yarana uku da na maƙwabciyata biyu, muka fara daga gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye tsofaffin kawunan jirgin. Takardar farko ta ce: "Na ci gawayi, na sha ruwa, na yi tari, yanzu ina barci kusa da gidan zu. Wane ne ni?" Ta biyu ta ba su tef ɗin tela su auna ƙafa 2 da inci 6 a ƙasa, faɗin layin ke nan. Autata ta tsallake shi da taku ɗaya, ta ce, "Mama, a kan wannan ɗan abin jirgi ya yi tafiya?" Ta uku lissafi ce: daga 1914 zuwa 1957 shekara nawa? Babban yayansu ya riga kowa cewa 43.

Ta huɗu ta kai mu hanyar Bukuru, muka tsaya nesa da wani kududdufin da haƙar kuza ta bari. A nan ne ainihin dalilin wasan yake. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na taɓa karɓar yaron da aka tsamo daga irin wannan ruwa, ba mu iya ceto shi ba. Ruwan yana kwance lumui kamar ba komai, amma ramin ma'adinai ne: bakinsa na zaftarewa, zurfinsa na farawa ne tun daga gaɓa. Na sha faɗa musu "kada ku je", yana shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Ranar da suka gano da kansu yadda aka haƙa ramin, sai na ga jikinsu ya yi sanyi. Gani ya kori ji.

Takarda ta ƙarshe ta ce su je wurin Kaka su tambaye ta mene ne "ɗiban gwamna". Ta ba su labarin yadda aka riƙa kwaso maza daga ƙauyuka ala tilas zuwa haƙar kuza lokacin yaƙin duniya na biyu, da yadda sanyin dutse da yunwa suka hana wasu komawa gida. Har aka kira magariba ba wanda ya tambayi waya.

In za ki gwada, ki sa musu takalmi rufaffe saboda maciji da tsohon ƙarfe. Wanda ƙarfe ya yanka, a wanke wurin da sabulu da ruwa, a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanas. Kada kowa ya hau layin da jirgi ke bi har yanzu, kuma babba ɗaya ya riƙe yara uku kawai.

Ba sai kina Jos ba. Garinku ma akwai tsohuwar tasha, ko ganuwa, ko marina, kuma akwai tsohuwar da ta san labarinsu. Ki je gare ta tun tana iya ba da shi. Wane wuri za ki fara kai naki?